Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan 'Yan'uwanmu Masu Galahanga da Gigin Tsufa Ya Kama

Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma da biyayya, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani. Mu talakawanka ne, iyaye da 'yan'uwan masu galahanga (wadda a Turance ake kira Down syndrome) da sauran waɗanda aka haifa da tawayar ƙwaƙwalwa. Ba rashin kunya ce ta sa muka rubuto ba, ranka ya daɗe, tura ce ta kai bango.

Ranar Alhamis da ta wuce, wani bawan Allah mai galahanga, ɗan shekara 50 da 'yan kai, ya fita sallar Magariba bai dawo ba. Mutum ne da duk unguwa ta sani, tun muna yara shi ke shimfiɗa tabarmi a masallaci, ya cika butoci. Hanyar gida ta ɓace masa, ya faɗa unguwar maƙwabta, ya shiga wani gida yana kiran Inna, alhali ta daɗe da rasuwa. Sai aka yi ihun ɓarawo. Samari suka rufe shi da duka, 'yan sintiri suka ɗaure shi. Ana tambayar sunansa ya kasa faɗa, aka ce taurin kai ne. Da asuba yayarsa ta same shi ba takalmi, leɓe a fashe, wando jiƙe da fitsari, ya cire hula yana ba su haƙuri. Shi aka daka, shi ke ba da haƙuri! Har yau ba wanda ya tako ya ce sannu.

Allah ya ba ka nasara, wannan ba hauka ba ne, ba kurciya aka yi masa ba. Masu galahanga ana haifarsu da ƙarin ƙwayar gado ta 21, wadda ke sa cutar mantuwa ta Alzheimer ta riske su da wuri, sau da yawa daga shekara 40 zuwa 50 da wani abu, lokacin da sa'o'insu ke ganiyar ƙarfinsu. Wanda ya iya wanka da sa riga sai ya daina, mai fara'a ya koma shiru, ya riƙa tashi tsakar dare, wani har farfaɗiya. Amma da yake an saba ce musu dolaye, ba mai lura. A asibiti ma sai a ce mana ai dama haka yake, ba tare da an duba kunne ko ido ko ciwon maƙoƙo ba, alhali su ma suna kawo irin wannan ruɗewa kuma suna da magani. Iyayensu sun tsufa ko sun rasu, nauyin ya koma kan yayye da ƙanne mata da ke gidan aure.

Mun yi magana a masallaci, mun je sakatariya, an karɓi takarda, an ce mu dawo, mun dawo, an ce shugaba ya yi tafiya. Mun gaji da zarya.

Muna roƙon mai girma ya kira shugabannin 'yan sintirin nan da iyayen yaran, a biya kuɗin magani, a ja musu kunne a gaban jama'a. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a 2019 ta haramta irin wannan wulaƙanci, haka dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023. A umarci masu unguwanni su san gidajen da ke da irin waɗannan bayin Allah, a yi musu ɗan kati mai lambar waya da za a liƙa a riga. Limamai su yi huɗuba a kai, a daina kai su gidan mari. Mai girma ya sa baki ƙaramar hukuma ta riƙa turo ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa asibitin sha-ka-tafi namu, ta kuma taimaka da mota ga wanda aka tura asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano.

Kuma, ranka ya daɗe, muna sake maimaitawa, a kira waɗanda suka ɗaure shi. Tun daren nan bai yarda ya leƙa ko zaure ba, yayarsa kuma ta bar sana'arta tana gadinsa.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
iyaye da 'yan'uwan masu tawayar ƙwaƙwalwa na wannan gunduma.