Wasiƙa zuwa ga aminina kan aikin gayya a tsibiran Yawuri

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya sa kowa lafiya. Na samu saƙonka cewa ƙungiyarku ta tara kuɗi za ta gina aji biyu a tsibirinku. Allah ya saka da alheri. Sai dai kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti, don Allah a zauna da Sarkin Ruwa da dattawa a kan maganar jirgi.

Duk abin da za a gina da shi ta ruwa zai shiga. Buhu 100 na siminti tan 5 ne, kuma wanda ya jiƙe ya zama dutse. A raba shi sawu-sawu, a ɗora kan katako, a rufe da tamfol. Bulo kuwa kada a yi dakonsa, rabi zai farfashe wajen lodi da saukewa. A kai injin bugawa a buga a can.

Sai maganar lokacin jigila. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye itatuwa da yawa, kututturansu na nan a ƙasa, kuma in ruwa ya ja baya su ke fasa jirgi. Kogin yana cika sau biyu: na damina wajen Satumba, sai wanda ke gangarowa daga Gini da Mali cikin hunturu. A yi jigila lokacin da kogi ya cika, da rana, ba lodin wuce kima, kowa da rigar ruwa. Ba wanda ya manta hatsarin jirgin ruwa na garin Warra a 2021. Harsashi kuma a ɗaga shi sama da inda dattawa suka ce ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an yi bikin buɗewa. Sau da yawa ana haɗa kuɗin sayen injin jirgi, ba a ware na gyara. Yashi ya cinye robar famfon ruwa, inji ya yi zafi ya buga, jirgin jama'a ya kwanta a bakin gaɓa. A ajiye roba, fulogi da farfela na ko-ta-kwana, a bi ma'aunin gauraya baƙin mai da fetur da kamfani ya rubuta. Karo-karo a riƙa karɓarsa ranar kasuwa, bayan an sayar da kifi ko albasa, tunda masunta kan yi watanni suna bin kifi. Mai riƙe kuɗi daban, mai littafi daban, kuma a sa mata a kwamiti, su ke gida duk shekara.

A cikin kuɗin ginin a fitar da na ɗakin malami. Wanda zai tsallaka ruwa safe da yamma da kuɗin aljihunsa ba zai kai ƙarshen zango ba.

Ka gaida Hajiya da yara. Ina jiran jin yadda kuka yi da dattawa.

Naka,
Amininka