Zuwa ga aminina Habu, kan wuraren da za mu kai yara

Damagaram, unguwar Birni

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu nan sai godiyar Allah. An gama girbi, gero ya shigo, sanyi ya fara taɓa mu da asuba. Hajiya ta ce in gaishe ka, kuma tun da ta ji za ku zo take maganar kilishin da za ta sa a yi wa yaranka.

Na karanta jerin wuraren yaƙi da ka aiko, har guda tara cikin kwana goma sha biyu. Habu, taura biyu ba ta taunuwa, balle tara. Amma ba yawansu ne ya fi damuna ba. Na lura kusan duk wanda ka zaɓa wuri ne mai gini, mai hoto a intanet: bariki, kabarin hafsa, tsohon gidan kwamanda. Wanda ya ci yaƙi shi ke barin gini. Kakanninmu da suka faɗi ba su bar siminti ba, gonaki ne yau a kansu. In ka bi hoto kaɗai, yaranka za su koma Faransa da labarin Faransawa, wanda dama can shi ake koya musu.

Ga shawarata. Ku ɗauki shekara guda, 1899, ku bi ta kamar yadda ta bi ƙasar nan daga yamma zuwa gabas. Hanyar da za ta kawo ku daga Yamai kusan ita ce hanyar da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta biyo tana ƙone garuruwa.

Lugu ita ce farko, arewa da Dogondutsi, inda Sarauniya Mangu ta tsaya musu a watan Afrilu. Ina son yara su ga wurin, amma sai an sauka daga kwalta, kuma kada ka shiga sai ka tambayi mutanen Dogondutsi yadda hanya take a wannan mako. In sun ce a haƙura, ka haƙura. A Birnin Ƙonni ku tsaya ko da sa'a guda ce. Kisan da aka yi wa garin a watan Mayu na wannan shekara ya isa a tsaya a yi wa mamata addu'a.

Maijirgi kuwa, bayan Tasawa, na ga ka sa ta saboda kaburburan Voulet da Chanoine. Da na yi niyyar in ce ka cire ta, don me za a kai yara ziyarar azzalumai? Sai na sake tunani. A Dankori, kusa da can, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe rundunar daga hannunsa. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu baki, suka kashe su duka biyu. Wannan ya cancanci yaro ya ji shi a inda ya faru. Minti ashirin sun isa.

Inda nake son mu ɓata yini guda shi ne Tirmini. Daga gidana ba ta kai rabin sa'a a mota ba. Nan ne ragowar rundunar, a ƙarƙashin Pallier da Joalland, ta haɗu da dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a ƙarshen Yuli, daga nan suka shigo Damagaram. Ka tuna wane ne Kuran Daga: sarkin da bai daɗe da kai yaƙi ƙasar Kano ba, zamanin Sarki Alu, har Gezawa. Mutum ne da ke da dawaki da bindigogi, ba wanda ya zauna jiran ƙaddara ba. Amma doki da bindigar ɗuri ba su iya da bindigar da ke harbi a jere. Ya fita daga birni, suka bi shi, suka kashe shi a watan Satumba.

Lokacin da nake koyarwa na taɓa kai 'yan ajina can. Muka sauka, yara suka duba hagu da dama, sai karan gero da tumaki. Wani yaro ya ce, "Malam, ina wurin yaƙin?" Wallahi maganar ta soke ni. Sai da muka je muka gaida mai gari, ya haɗa mu da wani dattijo, ya zauna a gindin bishiya ya ba su abin da ya ji daga kakansa, yana nuni da sandarsa. A hanyar komawa babu yaron da ya yi surutu. Tun ranar nake auna wurin tarihi da abu guda: akwai wanda zai ba da labari a can? Saboda haka zan riga ku zuwa in yi sallama, mu tafi da goro da sukari da ganyen shayi. Ka gaya wa yara su cire takalmi in an shimfiɗa tabarma, kuma kada su ɗaga waya su ɗauki dattijo sai sun nemi izini.

Washegari sai Birni, da ƙafa. Zan nuna musu abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun, wanda a zamaninsa maƙeran garin nan suka zuba igwa da hannunsu. Kullum damina tana cin ganuwar, kuma raina yana ɓaci in na wuce. Daga fada za mu hau duwatsu su hangi barikin da ka sa a kan jerinka. Faransawa sun sa masa sunan Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a nan a watan Mayu na 1898 saboda ana zargin zai je ya haɗa kai da Rabe, mayaƙin da ya ƙwace mulkin Borno. Kisan nasa suka riƙe hujja da suka dawo. Barikin yana hannun soji, don haka hange za mu yi, kuma babu ɗaukar hoto.

Agadas ka bar ta sai wata tafiyar. Yaƙin Kawusan, jagoran Buzaye da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga 1916 zuwa 1917, labari ne babba, kuma daga nan Damagaram rundunar da ta je ta kwance ƙawanyar ta tashi, amma sama da kilomita 400 ne, ba wurin da ake leƙawa a dawo ba ne. Kusiri, inda Rabe da hafsan Faransa Lamy suka mutu rana guda a 1900, tana Kamaru. Ita ma a cire.

Ka aiko mini da ranar saukarku Yamai don in nemi direban da na yarda da shi. Ku zo da rigunan sanyi, Disamba a nan ba ta wasa da dare. Kuma ka fara yi wa babban yaron nan Hausa a gida tun yanzu, dattijon Tirmini ba zai yi masa Faransanci ba.

Ka gaida uwargida da kyau.

Naka,
Lawali