Faɗuwar darajar motoci: mai musaya ya dubi ciko kafin ya dubi tayi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani ƙorafi da ya yawaita a wuraren sayar da motoci. Mutum zai kawo motar da bai fi shekara da saye ba, fes da ita, wani ko ledar kujera bai gama cirewa ba, yana so a karɓa ya yi ciko ya ɗauki wata. Sai a yi masa tayin da zai ji kamar an zage shi, ya tafi yana cewa dillalai sun haɗa baki. Akwai dillalan da ba sa tsoron Allah, ba mu musa ba. Amma galibin wannan faɗuwa lissafi ne, kuma mai mota zai iya yin sa da kansa tun kafin ya fito daga gida.

Abin da ya ruɗi jama'a shi ne shekarun 2023 da 2024. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, a farashin gwamnati kuma wajen 460. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare dala ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage. Hukumar kwastan ma da farashin dala take lissafa kuɗin fito, don haka mota ta yi tsada ta fuska biyu, wajen saye a waje da wajen fitarwa a tashar ruwa ta Legas. A wannan tsakanin kowa ya sayar da tsohuwar motarsa ya ga kamar ya ci riba. A ɗauka mutum ya sayi mota a miliyan 15 lokacin dala tana 750, wato dala 20,000 ke nan. Bayan shekara guda ya sayar a miliyan 25 dala tana 1,600. Da naira ya samu miliyan 10 a kai. Da dala kuwa abin da ya shigo hannunsa bai kai 16,000 ba, kuma ba zai iya mayar da irin motar da kuɗin ba. Motar ta faɗi kamar yadda kowace mota take faɗuwa, sai dai naira ta fi ta saurin faɗuwa, shi ya sa ba a gani ba.

A 2025 dala ta lafa, tana kai-komo a kusa da 1,500. Da mayafin ya yaye sai faɗuwar ta fito fili, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya saya a lokacin da dala take ƙololuwa. Daga can waje ma an samu sauyi. Ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake haɗa motoci da su ya rage ƙera sababbi a 2021 da 2022, farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabi a Amurka, inda mafi yawan motocinmu na tokumbo, wato waɗanda aka hau a waje kafin a shigo da su, suke fitowa. Da kamfanoni suka dawo aiki sosai sai farashin ya fara sauka. Masu sha'awar motar lantarki su ƙara lura: kamfanin Tesla ya zaftare farashin sababbin motocinsa a Janairun 2023, nan take na hannu suka bi su ƙasa, har kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki kimanin 20,000.

Dillali ba ya tambayar nawa ka saya, ko ya tambaya ba da shi zai yi aiki ba. Abin da yake dubawa shi ne nawa irinta take sauka yau. A ce ka sayi taka a miliyan 36 dala tana 1,800, yau irinta sak tana sauka a miliyan 30. Daga 30 zai fara. Sai ya cire na lamba, domin da zarar an yi wa mota rajista an manna mata lamba ta tashi daga tokumbo ta koma ta hannu, ko da sati biyu ta yi a titi. Wannan ne ya sa wasu masu hali suke yawo wata da watanni babu lamba, abin da ya saɓa doka, kuma ranar da aka sace motar su ne za su rasa ta inda za su fara nema. Bayan lamba sai ya cire kuɗin gyara da wanki da tayoyi, da la'adar yaran da za su kawo mai saye, da watannin da kuɗinsa za su kwanta a fili rana tana dukan fenti, sannan ribarsa. Kafin ka ankara miliyan 36 ta koma ashirin da 'yan kai.

Mota mai shekara ɗaya ko biyu ta fi kowace shan wannan duka. Ƙiyasin da aka saba yi a Amurka shi ne sabuwar mota tana zubar da kusan kashi 20 cikin 100 na darajarta a shekarar farko, daga nan faɗuwar ta riƙa raguwa. A nan gida akwai ƙarin dalili. Mai miliyan 30 a hannu yana da zaɓi, zai fi son ya ƙara kaɗan ya ɗauki wadda ba a taɓa hawa a ƙasar nan ba. Mai neman ta hannu kuma kuɗinsa ba su kai nan ba. Sai motar ta tsaya a tsakiya babu mai ɗauka, ita kuwa Corolla mai shekara goma tana shiga fili da safe ta fita kafin la'asar.

Irin motar ma yana da tasiri. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wasu watanni na 2024, masu fulogi shida da takwas suka rage farin jini, masu fulogi huɗu suka ƙara. Corolla da Camry da Hilux da Accord suna riƙe daraja saboda kowane bakanike ya san su, kayan gyaransu kuma ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba tare da an yi oda ba. Motar da sai an jira kayanta sati uku daga waje, komai kyanta, mai saye na biyu zai cire kuɗin wannan jira daga tayinsa.

Inda ake cutar mutane da gaske shi ne wajen musaya. Dillali zai iya yi wa motarka tayi mai daɗin ji, ya ƙara miliyan biyu a kai, sannan ya ɗora miliyan uku a kan wadda za ka ɗauka. Ka tafi kana murna an daraja motarka, alhali ka yi asarar miliyan ɗaya. Maganin wannan shi ne a raba cinikin biyu. A fara daidaita farashin wadda za a saya kamar da kuɗi hannu za a biya, ba tare da an ambaci musaya ba. Sai a kai tsohuwar wurare uku a ji tayin kowa. Sannan a zauna a kwatanta ciko, domin shi kaɗai ne kuɗin da zai fita daga aljihu. Wanda ba ya gaggawa, ya sayar da kansa ga mai hawa ya fi masa, sai dai ya shirya wa 'yan kallo da masu cewa za su biya rabi.

Akwai kuma faɗuwar da mai mota yake jawo wa kansa. Fentin kamfani yana da kuɗi. Masu saye yanzu suna zuwa da na'urar auna kaurin fenti: na kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180, inda aka cike lotsawa da fila aka fesa kuwa sai ya haura 300. Don haka fesa mota gaba ɗaya saboda ƙarzuwa biyu a bamba hasara ce. Injinan Toyota da Honda na 'yan shekarun nan baƙin mai mara kauri suke so, irin 0W-20, an ma rubuta a murfin. A zuba musu mai kauri irin 20W-50 a kuma wuce lokacin juye, sai datti ya daskare a ciki, mai saye yana buɗe murfi zai gani. Haka cire tamostat mai daidaita zafin inji da haɗa fanka kai tsaye, da zuba ruwan famfo a lagireto har ya yi tsatsa, da zuba wa giyar otomatik irin ta CVT man da ba nata ba. Abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, idan aka fasa aka kwashe, na'urar bincike za ta nuna, kuma mayar da na asali ba ƙaramin kuɗi ba ne. Makulli na biyu da takardun sabis su ma ana lissafa su.

Sauya wa mota fitilu da bamba don ta yi kama da sabon yayi ba ya ƙara mata shekara ko ɗaya. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma cikin haruffa 17 na lambar shasi shi ke faɗin shekara: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Da wannan lambar ake binciko tarihin motar a intanet, a ga ko ta yi haɗari ko ambaliya ta ci ta kafin a yi gwanjonta, a ga kuma tafiyar da ta yi kafin wani ya mayar da mita baya. Takardun kwastan su ne kan gaba. Motar da ba a biya mata cikakken kuɗin fito ba, ko wadda aka shigo da ita ta kan iyakar ƙasa bayan haramcin da ya fara aiki a Janairun 2017, dillali zai cire kuɗin daidaita ta da kwastan, in ma ya yarda ya karɓa.

Masu ɗaukar mota ta banki, ko da ruwa ko ta murabaha, wato banki ya saya ya sayar musu da riba, su sani bashin ba ya sauka don mota ta sauka. Wanda ya biya kaɗan a farko yana iya kai shekara biyu abin da ake bin sa ya fi kuɗin motar, in ya sayar sai ya ciko daga aljihu kafin a sakar masa takardu. Kafin a sa hannu a nemi jadawalin biya, a ajiye shi gefen farashin irin motar mai shekara biyu a kasuwa, a ga a wane wata ne bashin zai sauko ƙasa da kuɗinta. Kafin wannan watan, musaya ba ta da amfani ga mai motar.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar saye da sayar da motoci, Kano.