Guringuntsin tayi ba shi ne ke zama muƙamuƙi ba

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, na karanta bayanin da kuka buga a shafin lafiya kan yadda ƙasusuwan tayi ke samuwa. Marubucin ya ce kowane ƙashi guringuntsi ne da ya taurare. Ga ƙashin cinya da na hannu maganarsa daidai ce, amma muƙamuƙin ƙasa tasa hanyar daban.

Wajen mako na 6 da shigar ciki, wasu siraran sandunan guringuntsi biyu ke fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu, daga inda kunne zai kasance zuwa haɓa. Ana kiransu guringuntsin Meckel, da sunan Johann Friedrich Meckel, Bajamushen masanin ƙirar jiki da ya bayyana su a 1820. Shi ƙashin muƙamuƙi a gefensu na waje yake tsirowa, kai tsaye daga tantanin nama, kusa da inda jijiyar haƙoran ƙasa ta rabu biyu, sannan ya bi tsawon sandar. Aikin sandar irin na katakon da magini ke kafawa ne kafin ya zuba kankare. Ƙashi na yin ƙwari sai yawancinta ya narke, in ban da ɗan guntu wajen haɓa da ke shiga cikin ƙashin.

Ragowarta ce ta fi ba ni mamaki. Tsakiyarta ta zama igiyar nama mai ɗaure muƙamuƙi da gindin ƙoƙon kai. Ƙarshenta na baya kuwa ya zama ɗan ƙashin nan mai siffar guduma da ke manne da dodon kunne. A jikin ƙadangare da kada, takwaran wannan ƙashi yana nan a gaɓar muƙamuƙi, da shi suke buɗe baki; mu da shi muke ji.

Akwai kuma guringuntsi na biyu, wanda ke bayyana daga baya a kan muƙamuƙi, daf da kunne, kuma shi ke taimaka masa ya yi tsawo har yaro ya girma. Shi ya sa idan ƙaramin yaro ya faɗi a kan haɓa, wannan gaɓa ta karye ba a lura ba, fuskarsa na iya girma a karkace, ko bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Ina roƙonku ku gayyato likitan haƙori ya yi wa iyaye bayanin wannan a fitowa ta gaba.

Naku,
Mai karanta shafin lafiya