Aminiya, kar ki aiko da tukunyar gas ɗin tukuna

Assalamu alaikum, aminiyata ta kaina.

Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyuna. Ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya sauko har ba a hango rimin bakin kasuwa daga ƙofar gida. Leɓen yara duk ya tsattsage, kullum da man kaɗe nake bin su.

Na san kin cika kin batse. Wata huɗu ba ki ji ɗuriyata ba, ki yi haƙuri ki yafe min. Saƙonninki na murya guda uku sai ranar Talata suka shigo a tare, da na hau tudun bayan firamare neman sabis. A nan na tsaya cikin iska na saurare su har sau biyu. Bari in fara da maganar da ke cina. Kin ce za ki saya min tukunyar gas ki ba direban nan mai kai awaki kudu ya taho min da ita. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma ki dakata. In ta ƙare sai an kai ta Gumel an ɗuro, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mashin zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefanen yini biyu a gidan nan. Matar liman tana da ita, sau biyu aka taɓa ɗura mata, yanzu tana ƙarƙashin gado an lulluɓe ta da zani. Ni kuma na samu abin da ya fi min ita, labarinsa ne ma ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna tarin Auta na bara? Ban gaya miki inda abin ya kai ba, don lokacin kina fama da tsohon ciki. Akwai daren da na riƙe shi a cinya har aka kira assalatu, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, numfashin yana wani irin shewa. Da muka je asibiti aka yi masa allura aka ba mu magani, sai ma'aikaciyar ta tambaye ni inda yake zama in ina girki. Na ce yana bayana mana, a goye. Ta ce to duk hayaƙin da kika shaƙa tare kuka shaƙa, kuma ƙirjinsa bai kai naki ƙwari ba. Ita ta gaya min Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin hayaƙin girki a cikin gida, har da ƙananan yara. Da na dawo na shiga madafi na ɗaga kai, azara ta yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto kamar yana. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na san abin da ya hau azarar nan shi ya shiga cikin yaron.

Ana nan sai Goggon Malam ta wajen Magarya ta zo cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta biyo ta nan da nufin kwana ɗaya. Ta same ni durƙushe gaban duwatsu uku ina fifita da faifai, ido na zubar da ruwa. Ta ce, “Ke 'yar nan, rabin wutarki ai iska ke shanyewa.” Kwana ɗayan nan sai da ya zama biyar. Ta sa samarin gidan suka ɗebo jar laka a kududdufi, aka haɗa da kashin jaki da ƙaiƙayin gero, aka kwaɓa da ƙafa kamar za a yi tubali, aka rufe da tsohon buhu kwana uku ana yayyafa ruwa har ta yi danƙo. Ran na huɗu ta jera duwatsun nan uku yadda suke, ta ɗora babbar tukunyar tuwona, ta riƙa ɗaga katanga kewaye da ita tana shafewa da jiƙaƙƙen hannu har ta kawo wuyan tukunyar. Tsakanin katangar da tukunya ta bar ratar yatsa biyu, ta nan wuta ke lasar jikin tukunya, hayaƙi kuma ya samu hanya. Sai ta sa wuƙa ta yanke ƙofa ɗaya tal, faɗin tafin hannu, wadda itace biyu ko uku kaɗai ke shiga. Ta ce a wajensu Albarka ake ce wa irinsa. Ta kuma hana a gina shi a cikin madafi, a ƙarƙashin rumfa ta yi shi inda iska ke ratsawa. Da za ta tafi ta ja min kunne kar in kuskura in hura masa wuta sai ya yi mako yana bushewa a inuwa, in ba haka ba zai tsage.

Aminiya, kan itacen da yake mana kwana uku, yanzu yana kai mu shida, wani lokacin har bakwai in na haɗa da karan dawa. Mu tara ne a tukunyar nan, kin sani. Auta kuwa ga shi hunturu ya raba bai yi tarin nan ba ko sau ɗaya. Alhamdulillahi. Ina rubuta miki wannan idona na kawo ruwa.

Hajiya da farko ta ƙi. Ta ce ita tun tana budurwa a kan duwatsu uku take tuƙa tuwo, ba za a zo da tsufanta a koya mata hura wuta ba. Ban ja da ita ba. Ranar da na kwanta da ciwon kai ita ta karɓi muciya, ta ga tukunya ta zauna daram, ba sai wani ya danne mata ba, ba ta kuma tsoron zani ya kama. Washegari ta aika jikokinta kududdufi. Yanzu gida shida ne a layinmu ke da shi, uku da hannuna na gina, kuma ban karɓi ko sisi ba, sai dai matar mai shayi da ta matsa ta aiko min da ƙwai biyar.

Af, kafin in manta. An sa ranar 'yar Yaya, bayan ƙaramar salla. Yaron nan ne mai awon riɗi, wanda kika ce kunnuwansa sun fi hularsa. Ya yi hankali yanzu, har ya gina ɗaki biyu da bulo. Rigimar da ake ciki ta kayan ɗaki ce, Yaya ta dage sai an jera kwalla da samira har rufi ko da bashi, ni kuma na ce a rage a saya wa yarinya tunkiya biyu. An ce min baƙin ciki nake yi. Ki kira ta don Allah, ke tana jin maganarki.

Mu koma kan girki. Akwai dabarar wake da nake so ki gwada ko a kan gas ɗin naki, tunda kin ce yana cinye miki kuɗi. Ki jiƙa shi tun dare. Da safe ki ɗora, in ya tafasa sosai ki bar shi ya yi kamar kwata yana ɓararraka, sai ki sauke tukunyar a rufe, kar ki buɗe ko don leƙe. Ni ina da babban kwando da na shimfiɗe da tsummokara da ƙaiƙayi, a ciki nake zaunar da ita in danne da tsohon bargo. In na dawo daga ɗibar ruwa da shara da wankin yara, kafin azahar wake ya yi luguf da zafinsa, ba wuta ba kanwa. Shinkafa ma haka, ita ba ta ma kai wannan lokacin. Kuma ba ya kamu, wannan ya dace da ke, mai ƙona dambun ranar bikin yaye ɗalibai. Har yau in na ji ƙauri sai na tuna fuskarki a bakin madambacin nan.

Sauran abubuwan kin san su, tare muka taso a kansu, sai dai yanzu na ƙara riƙe su da kyau. Tuwon dare ɗumamen safe ne, ƙanzo in jiƙa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙasari da dusa na awaki. Da toka nake wanke bayan tukwane, sauran ta tafi juji ta haɗu da kashin dabbobi, kafin damina a kwashe a amalanke zuwa gona. Dunƙule na rage shi ƙwarai, daddawa nake yi da waken suya tunda kalwa ta yi tsada. Lokacin da tumatir ya yi araha na sayi kwando guda na yanka na shanya, kauɗar tana nan cike da tulu, ga busasshiyar kuɓewa da kuka da karkashi.

Ɗanyen kayan miya kuwa tukunya cikin tukunya nake sa su. Ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye inda iska ke bugawa. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin babbar yana bushewa, shi ke janye zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Kin san mutumin jiharmu ne ya yaɗa wannan? Mohammed Bah Abba, lokacin yana malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000 a kanta. A bazarar da ta wuce alayyahuna ya yi fiye da mako bai yi yaushi ba, yalo ya fi haka daɗewa. Ke dai kar ki wahalar da kanki, busasshiyar iska take so, a garinku da wanki ke kwana biyu a igiya ba za ta yi miki aiki ba.

Waken da muka noma bana ma ban bari an sa masa fiya-fiya ba. Malam ya so, na ce abin da Turawa suka hana shiga ƙasashensu tun 2015 saboda irin wannan maganin, shi za mu dafa wa yaranmu? Buhun PICS ya sayo guda biyu, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In ka matse iskar ka ɗaure kowanne dabam, ƙwarin numfashi ke ƙare musu su mutu. Sai dai a kiyaye ɓera, huda ɗaya ta ɓata aikin.

To ga abin da ke damuna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Ƙanin Malam yana so a sayar da gawon gonar gado. Kin san shi, wanda muke zama a gindinsa mu ci gyaɗa in kin zo hutu. Masu gawayi sun riga sun cinye kiryoyin nan biyu na bakin hanya, yanzu masu itace sun yi wa gawon kuɗi, shi kuma bashin taki ya sha masa kai. Ban ga laifinsa a kan bashin ba, kowa yana ji a jikinsa. Amma gawo fa! Itacen da ke zubar da ganye da damina don kar ya tare wa gero rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ba su da abin ci, 'ya'yansa kuma awaki su yi ta rububi. Kowa a garin nan ya san geron gindinsa ya fi na sauran gonar tsayi da kauri, shi kansa ya sani. Jigawa tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin nan na katangar bishiyoyi don tare hamada, ana ta kiran a dasa, mu kuma muna shirin kayar da wanda kakan su Malam ya tarar a tsaye. In iskar farkon damina ta taso ki ga yadda yashi ke binne shuka a gonakin da aka share ƙaf, sai an sake shuka sau biyu.

Na yi wa Malam magana da dare, ya yi shiru, kin san shi ba ya son abin da zai haɗa shi da ɗan'uwansa. Sai na kawo kuɗin itacen da na tara tun da aka gina murhun nan, da ma a gwangwani nake jefa su duk ranar da ya kamata a ce na saya ban saya ba. Ba su kai bashin ba, amma sun haura rabi. Na ce a ba shi, ragowar in an sayar da zoɓo a cika. Har yanzu bai ba da amsa ba, ya ce sai ya yi shawara da Hajiya. Ita kuma na ga alamar tana bayana, don jiya na ji tana ba jikokinta labarin yadda aka ɗaura aurenta a shekarar da gawon ya yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Ki taya ni da addu'a, ranar Juma'a za su zauna.

Ni dai a nawa ɓangaren ina ta dashe. Na karkata rariya zuwa bayan ɗaki, ruwan wanke-wanke da na alwala yana bi ta gindin zogale bakwai, biyu har na fara tsinka. Ledojin ruwa da yara ke tsintowa a kasuwa ina yanke bakinsu in cika da ƙasa da taki in sa irin darbejiya, yanzu sun kai talatin. Tsintar ledar ma da dalili. Jar akuyata, uwar garken, ta rame ta daina ci, da aka yanka ta sai ga dunƙulen baƙar leda a tumbinta ya kai girman ƙwarya. Na yi kuka ranar. Tun daga nan ba mai shigo min da leda gida, da kwando ko kwano ake zuwa cefane, kuma mai kayan miya ya saba, da ya hango Babba ya san ba ya karɓa.

In dai lallai sai kin aiko da wani abu, to ki ba direban manja galan ɗaya, naku ya fi wanda ake kawo mana. Ki haɗo min da tsofaffin zannuwanki da kika daina ɗaurawa, ina so in yi wa 'yar Yaya irin kwandona ta tafi da shi, murhun kuma da kaina zan je in gina mata kafin ta tare. Ki turo hoton 'yan biyu, an ce macen ta ɗauko goshinki.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran man zafin da kika yi mata alkawari. Ki gaida maigidan da kyau. Ga Auta nan ya farka yana neman kunu, kuma mai kai wasiƙar da sassafe zai wuce.

Taki har kullum,
Aminiyarki