Ciwon maƙogwaron yaro na iya taɓa zuciyarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin jan hankalin iyaye a Garwa, Marwa da Kuseri kan ciwon maƙogwaron yara, wanda yawanci ake rainawa.

A jikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki akwai furotin mai suna HLA, wanda muke gadon fasalinsa daga uwa da uba ta kuromosom na 6, ɗaya daga cikin ma'ajiyan ƙwayoyin gado. Binciken da likitan Faransa Jean Dausset ya yi a kansa ne ya sa ya samu kyautar Nobel a 1980. Aikin HLA kamar farantin talla ne. Idan bakteriya ta shiga jiki, ƙwayar garkuwa za ta haɗiye ta, ta daddatsa furotin ɗinta guntu-guntu, ta ɗora a farantin, ta kai kaluluwar wuya. Can fararen ƙwayoyin jini da ake kira T suke duba kayan. Wanda suka ga baƙo ne, sai su ba da umarnin yaƙi.

Matsalar tana ga bakteriyar Sitireptokokus rukunin A, wadda ke kawo ciwon maƙogwaro. Wani furotin mai suna M da ke jikinta yana kama da wasu furotin na tsokar zuciya da ƙofofinta. Garkuwar da aka horar kan wannan guntu sai ta ruɗe, bayan mako 2 zuwa 3 ta afka wa jikin yaron kansa: zazzaɓi, gaɓoɓi su kumbura, ciwon ya bar gwiwa ya koma idon sawu. Gaɓoɓin sukan warke. Ƙofar zuciya kuwa tabo take yi, kuma kowane sabon kamu yana ƙara lalata ta, har matashi ya fara haki da kumburin ƙafa, mai juna biyu ta shiga haɗari. Ba kowane yaro abin ke samu ba, kuma bambancin HLA da aka gada na cikin dalilan.

Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ke zazzaɓi, haɗiyar yawu na masa zafi, wuya ya yi kaluluwa, ga mugunya a maƙogwaro amma babu tari ko mura, a kai shi asibiti. Cire beli wurin wanzami ba ya kashe bakteriyar, sai ƙarin rauni da zubar jini. Maganin shi ne amokisilin na kwana 10 cif, ko allurar benzatin fenisilin guda ɗaya, likita ya auna gwargwadon nauyin yaron bayan ya tambayi ko jikinsa na ƙin fenisilin. Abin da ya fi damun mu shi ne sayen ƙwaya huɗu a kasuwa, a daina da zarar zafi ya sauka.

Wanda cutar ta riga ta taɓa zuciyarsa kuwa, allurar nan zai riƙa karɓa duk mako 3 zuwa 4 na tsawon shekaru, ko da yana jin garau. Muna roƙon hukumomin lafiya su tabbatar ba ta yankewa a ƙananan asibitocin karkara.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya, Garwa