A Gyara Fassarar Fina-finan Yaƙin Teku Da Halittun Sama

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan fina-finan da sojan ruwa ke gwabzawa da halittun wata duniya, waɗanda matasa ke cika gidajen kallo dominsu a ƙauyukan Ringim da Taura. Kukana yana kan masu fassara su zuwa Hausa: kowane jirgi suka gani sai su ce "jirgin yaƙi", halittun kuma su ce aljanu, daga nan zaren labari ya tsinke.

Ɗauki fim ɗin Battleship na 2012. Jiragen da suka fara karawa da baƙin halittun a tekun Hawai na zamani ne, masu dogaro da rada (na'urar hango abu daga nesa) da makamai masu linzami, igwarsu babba guda ɗaya tak, mai baki inci 5. Da baƙin suka toshe rada, sai jiragen suka zama makafi, daga baya kuma aka nutsar da su. Shi ya sa a ƙarshe aka koma wa wani tsohon jirgi mai manyan igwoyi, mai suna Missouri. In mai fassara bai bambance su ba, ina ɗan kallo zai gane dalilin komawar?

Missouri jirgi ne na gaske. A kansa Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba, 1945. Igwoyinsa manya tara ne, kowace mai baki inci 16. Harsashi guda ya kai kilo 1,200, wato buhun masara goma sha biyu, ana tura shi da jakar albarushi shida, kowace kusan nauyin buhun taki, ya je kimanin kilomita 38.

To amma a nan 'yan fim suka shirga ta. An sallami jirgin daga aiki tun 1992, ya zama gidan tarihi a tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor da ke Hawai, sai ga shi tsofaffin sojoji sun tashe shi kamar ana buga babur. Da tururi yake tafiya. Tukwanensa takwas ne, sai an zuba musu tataccen ruwa, a hura wuta, a ɗumama bututu sannu a hankali, domin in tururi ya bugi ruwan da ya kwanta a bututu mai sanyi, fashewa zai yi. Wannan aikin awanni ne masu yawa ko ga jirgin da ke bakin aiki, balle wanda ya shekara ashirin a ɗaure. Duk mai noman rani ya san injin ban ruwan da ya kwana damina a ɗaki ba ya tashi sai an wanke kafireto. Kuma ba a ajiye albarushi mai rai a inda 'yan makaranta ke zuwa yawon buɗe ido.

Jefa anga (ƙarfen da ake sakewa da sarƙa cikin ruwa don tsayar da jirgi) da suka yi jirgi na cikin gudu don ya juya nan take kuwa, nauyin da ya haura tan 50,000 sarƙar kawai zai tsinke.

Ban ce a daina kallo ba, fim ne, kuma akwai daɗi. Roƙona masu fassara su riƙa cewa "mai linzami" da "mai igwa", su kuma bar aljanu a inda suke.

Naka,
Mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa